Yadda muka ƙara kanta a siton kicin ɗin ƙanwata, da abin da ya kayar da ta farko

Siton da ake magana ɗan ƙarami ne, irin wanda masu gidajen haya a Kano suke yankewa a gefen kicin su ce maka ai ga sito nan an yi. Faɗinsa ƙafa 4, zurfi ƙafa 5 da 'yan inci, daga ƙasa zuwa silin kuma ya kai ƙafa 9. Akwai kanta guda ɗaya ta kankare da magini ya zuba tun lokacin gini a bangon baya, daidai ƙugu, wajen ƙafa 3 daga ƙasa, zurfinta inci 18. Daga kanta har silin babu komai sai iska, kusan ƙafa 6 kenan a banza, alhali a ƙasa ko wajen sa ƙafa babu. Gidan ƙanwata ce da mijinta da yara, kuma su irin mutanen nan ne da in albashi ya shigo ko azumi ya gabato sai a je kasuwar Singa a yo sayayya gaba ɗaya, katan ɗin taliya, katan ɗin makaroni, sukari, tumatirin gwangwani, jarkar mai, ga shinkafa da wake da gero da suke zuwa a buhu, ga su kuka da kuɓewa da daddawa da barkono a robobi, sannan ga kuloli da tukwanen biki da ba a taɓa su sai da suna ko salla. Duk wannan a kan kanta ɗaya da daɓen siminti. In tana son gishiri sai ta ɗaga katan biyu.

Kafin ni in shigo maganar mijin nata ya riga ya yi nasa ƙoƙarin. Ya sayo biraket guda biyu irin siraran nan masu kusurwa, da falanki ɗaya mai faɗin inci 12, da ƙusar kankare, ya buga biraket ɗaya can gefen dama ɗaya can gefen hagu ya ɗora falankin. Ranar farko abu ya yi kyau har hoto aka turo mana a gurup ɗin gida. Aka jera katan biyu da sukari da galan ɗin manja a tsakiya. Bai daɗe ba falankin ya fara yin ciki, sannan wata rana cikin dare suka ji rugum, biraket ɗin dama ya fito da ƙusoshinsa har da ɓallin filasta mai faɗin tafin hannu biyu, manja ya wanke ƙasa da gefen buhun shinkafa. Allah ya taimaka dare ne babu yaro a wajen. Washegari ta kira ni tace Yaya don Allah ka zo ka duba mana sito kafin Abban yara ya sake sayo wata ƙusar.

Ni ba kafinta ba ne, amma ina ɗan taɓa irin waɗannan ayyukan a gidana, kuma da naje abu na farko da na duba ba falankin ba ne, ramin da ƙusa ta bari ne. Na sa ɗan yatsa na murza, bulon yana marmashewa kamar alkaki. Bangon bulo ne mai inci 6, irin mai rami a ciki, kuma duk wanda ya taɓa gini ya san yadda wasu masu buga bulo suke ja wa buhun siminti ɗaya rai har sai ya haifi bulon da bai kamata ba. To fatar bulon da ke tsakanin filasta da ramin ciki ba ta da wani kauri, inci ɗaya da ɗan wani abu ne, ita kuma ƙusar kankare santsi gare ta, ba ta da zaren da zai kama, in ka buga ta da guduma ma farfasa wajen take yi tana shiga. Sannan shi biraket yadda yake aiki, nauyin da ke bakin kanta ba ƙasa kawai yake danna shi ba, fizgo ƙusar sama yake yi waje, kullum, dare da rana. Ƙusa mai santsi a cikin bulo mai gari ana jan ta waje, ai ko ba manja ranar faɗuwarta na zuwa.

Sai kuma maganar yin cikin falanki, wanda shi daban ne da maganar bango kuma mutane suna haɗa su. Tsakanin biraket ɗin nan biyu ya fi ƙafa 3 babu abin da ya tallafe shi. Lissafin katako ba ya tafiya yadda hankali yake zato: in ka ninka tazarar da ke tsakanin matallafi biyu, nauyin kaya bai canza ba, lanƙwasar ba sau 2 take ƙaruwa ba, sau 8 ne. Haka in ka ninka kaurin katakon, lanƙwasar ta ragu sau 8. Shi ya sa filawud mai milimita 18 ya fi mai milimita 12 tauri fiye da sau 3 duk da a ido bambancin ba wani mai yawa ba ne, kuma shi ya sa matallafi ɗaya a tsakiya yake yin aikin da ba a zata ba. Na yi wa mijin nata wannan bayanin yace Yaya ni fa na ɗauka ƙusar ce ta yi gajarta. Nace ko mai inci 6 ka buga cikin rami za ta faɗa.

Mun zauna mun duba hanyoyin da ake da su. Wani kafinta da suka kira ya ba su lissafin kabet cikakkiya ta MDF har da ƙofofi, kuɗin ya fi ƙarfin abin da ake so, kuma ni dama ba na son MDF a sito, garin katako ne aka matse da gam, ranar da ruwa ko mai ya shiga gefensa zai kumbura ya fara zubewa kuma ba ya komawa. Akwai kantar roba ta kasuwa mai hawa-hawa, wannan ta albasa da dankali ce ba ta katan ba. Akwai kuma a kai wa mai walda ya haɗa ta ƙarfe da angul ayan, wato ƙarfen nan mai kusurwa, kuma gaskiya in za a bi ra'ayina ga ɗan haya wannan ta fi kowacce, ba ka huda bangon kowa ba, ranar tashi ka ɗora abarka a mota. Abin da ya hana mu shi ne kantar kankaren nan da ta tokare bangon baya, ga ƙofar siton ƙarama kuma ciki take buɗewa, in aka haɗa ƙarfen a waje ba zai shiga ba, in kuma a ciki za a yi waldar sai an kwashe komai an jawo janareta an cika kicin da hayaƙi. Sai muka tsaya a kan katako, amma da sharaɗi ɗaya da na kafa tun farko, nauyin ba bango ne zai ɗauka shi kaɗai ba. Tunda ga kankare nan mai ƙarfi a ƙasa, a sa wa kantar ƙafafu su tsaya a kansa, bango aikinsa kawai ya riƙe ta kar ta motsa.

Kafin a taɓa komai sai da muka je wajen mai gidan, dattijo ne yana zaune a layin baya. Mijin nata ya gaishe shi yace Baba muna so mu ɗan huda bangon sito mu sa kanta, kuma akwai inda filasta ta ɓalle za mu gyara da kanmu. Yace ba komai ɗana, amma bangon da ke jikin wajen wanke-wanke ku yi hankali akwai fayif a ciki, kuma in za ku tashi ko ku bar min kantar ko ku toshe ramukan. Wannan magana ta fayif ita ce mafi amfanin abin da aka faɗa a duk aikin. Mutane suna jin nauyin tambayar mai gida suna ganin zai hana, alhali shi ne ya tsaya a kan ginin ya san inda aka bi da ruwa da wuta.

Awo kuma ba daga bango muka fara ba, daga kayan muka fara. Nace mata ta fito da duk abin da take so ya hau sabuwar kantar ta jera a tsakar kicin. Muka auna mafi tsayi a cikin abin da zai zauna a kan kankare, wato bokitin fentin nan da take zuba garin tuwo, muka ƙara masa inci 2 don hannu ya samu wajen buɗe murfi, ya ba mu inci 17. Nan kanta ta farko za ta zauna. Sannan muka yi lissafin nauyi, katan ɗin taliya ƙulli 20 ne kowanne giram 500, kilo 10 kenan, makaroni ma haka, ga sukari ga gwangwanaye, muka ga abin zai kai kilo 40 in an cika ta. Jarkar mai mai lita 25 kuwa ita kaɗai ta kusa kilo 23, nace wannan ba za ta hau katako ba ko da wasa, ita da buhu mai kilo 50 ƙasa ne wajensu. Ta so a yi kantar da zurfi sosai har ta wuce kankaren don ta ci kaya da yawa, na hana, don kanta mai zurfi abin da ya shige baya ya shige kenan sai ranar da aka ga ƙwari sun cinye shi, ga ƙofa za ta dinga bugunta. Muka tsaya a inci 16. Faɗin bangon ma da muka auna, a can baya inci 47 ne a gaba kuma ya kusa 48, aikin filasta ne ba ya taɓa zama daidai, don haka duk wanda ya auna waje ɗaya ya je ya yanko zai dawo yana sassaƙa da wuƙa.

Katako a 'Yan Katako na Na'ibawa muka saya. Filawud guda ɗaya mai milimita 18, shi dama ƙafa 4 ne da ƙafa 8, kuma shi ya cinye fiye da rabin kuɗin aikin. Tunda an sayi guda sai muka ga asara ce a yi kanta ɗaya, aka yanka mana a inji nan take, ɗaya inci 16 ɗaya inci 12 don a yi ta biyu a sama, ragowar kuma muka ce a yi ɗan gadon da buhuna za su hau. A ba mai inji ya yanka ya fi, zarton hannu yana tsattsage fatar filawud kuma layin ba ya miƙewa. Sai tu-bai-tu, wato katako mai inci 2 da inci 2 da za a yi ƙafafu da sanduna da shi, a nan ne muka ɓata lokaci, don yawancin wanda ke gaba ɗanye ne, ka ɗaga ka ji nauyi da sanyi a hannu, irin wannan in hunturu ya busa shi murɗewa yake yi ya ja sukuru ya bar maka kanta a karkace. Na ce wa mai shagon Alhaji a duba mana busasshe ko da na ƙasan tari ne, ya sa yaro ya tono, muka dinga ɗaga kowanne muna kallonsa ta tsawo da ido ɗaya muna ware masu baka. Kuma a sani tu-bai-tu na kasuwa sunan ne kawai, in an goge shi a inji ba ya cika inci 2. Sukuru mai inci 4, da fisha mai lamba 10, wato robar nan da ake cusawa a ramin bango don sukuru ya kama, da bakin diril na kankare shi ma lamba 10, da gam ɗin katako da samfefa da banish, waɗannan a shagon kayan gini na unguwa aka samu. Dalilin inci 4, katakon zai ci kusan inci 2, filasta ta ci fiye da rabin inci kuma ita filasta ba ta riƙe komai, abin da ya rage ne yake shiga bulo.

Injin huda bango aro muka yi wajen wani mai saka labule a layinsu. Da aka kawo wuta muka fara. Layin kantar ba daga ƙasa muka auna shi ba kuma ba daga kan kankaren ba, don shi kansa kankaren ya ɗan zube ta hagu, alama ɗaya muka yi a inci 17 sannan muka zagaya da ita bango uku da ma'aunin magina mai ruwa a ciki. Wanda ba shi da shi siririn tiyo mai haske da ruwa a ciki yana yi, magina da shi suke aiki tun da can. Sai neman inda za a huda. Bulo tsawonsa inci 18 ne tsayinsa inci 9, yana da ramuka a ciki da ginshiƙai a tsakaninsu, in ka ƙwanƙwasa bango da bayan sukurdireba za ka ji inda yake amsawa fayau da inda yake amsawa a toshe, a toshen nan ake so, ko kan ginshiƙin bulo ko layin simintin da ya haɗa bulo da bulo. Duk da haka wasu ramukan muna cikin hudawa sai bakin diril ya zurma gaba ɗaya, alamar an faɗa rami, sai mu matsa inci 2 mu sake, wancan a toshe da siminti daga baya. Na kashe bugun guduma na injin ma, na bar shi yana juyawa kawai, don bulo mara ƙwari in ka sa masa bugu ramin faɗi yake yi fisha ta dinga yawo a ciki. Kafintoci da yawa tsinken katako suke fiƙewa su cusa a ramin maimakon fisha, yana kamawa ranar farko, amma iskar hunturu in ta busar da shi yana tsukewa ya saki.

Wuta da ruwa kuma mun bi su a hankali. Kan ƙwan fitila a bangon baya yake can sama, bututun waya yawanci miƙewa yake yi sama ko ƙasa daga inda makunni ko soket ko ƙwai yake, don haka duk layin da ya yi daidai da shi ba mu huda ba. Bangon hagu shi ne wanda Baba ya yi magana, muka leƙa ta kicin muka ga inda famfo ya fito, muka auna, ya faɗo kusan tsakiyar inda sandar gefe da filawud zai hau kanta za ta zauna. A wannan ɓangaren gaba ɗaya ba mu huda bango ba, ƙafa biyu muka sa, ɗaya a lungu ɗaya a gaba, sandar gefen ta hau kansu. Ɓangaren dama kuwa sanda a bango da sukuru biyu da ƙafa ɗaya a gaba. A bangon baya sanda mai tsawon bangon da sukuru huɗu. Kowace ƙafa daban muka auna ta muka yanka saboda zubewar kankaren, ta hagu ta fi ta dama tsawo da kusan rabin inci. A bakin kantar ta gaba kuma muka manna wata sandar a ƙarƙashi daga gefe zuwa gefe da gam da sukuru, ita ce take hana yin ciki, kuma ita ce masu gaggawa suke tsallakewa don ba a ganin amfaninta sai bayan wata shida. Kanta ta biyu inci 14 a saman ta farko, tsari ɗaya, ƙafafunta sun sauka daidai kan na ƙasa don nauyin ya bi ta cikinsu har kankare.

An ɗan yi gardama a kan maganin gara. Wani maƙwabcinsu yace a shafe katakon da baƙin mai kamar yadda ake yi wa katakon rufi, gara ba za ta kusance shi ba. Nace wannan na katakon rufi ne, nan wajen abinci ne, gari da shinkafa da sukari suna ɗaukar wari, kuma baƙin man inji ba abin da za a haɗa da abin ci ba ne ko ba wari. Banish muka shafa sau biyu bayan an goge da samfefa, musamman gefunan filawud inda aka yanka don ta nan danshi yake shiga, kuma a tsakar gida aka shafa aka bar shi ya sha iska har warin ya fita kafin a shigo da shi. Tsagin da ya rage tsakanin katako da bango muka cike da garin katako da aka kwaɓa da gam, don irin wannan tsagin shi ne gidan kyankyasai. Gadon buhuna kuma inci 4 daga ƙasa, kuma ba a jingina shi da bango ba, saboda daɓen siminti a watan Agusta yana tsatso danshi ko ba ka ga ruwa ba, buhun da ke kwance a kai ta ƙasa yake fara lalacewa. Wanda manja ya ɓata an riga an juye shi a wani.

Kafin a jera kaya na sa mijin nata ya ɗora jarkar man nan a tsakiyar kantar katako ta ƙasa don gwaji ta ɗan jima, mun ja zare daga gefe zuwa gefe muna kallo, ba ta motsa ba, sannan aka sauke ta aka mayar ƙasa. Tsarin da aka yi, buhuna da jarka a ƙasan kankare, bokitai da robobin da ake buɗewa kullum a kan kankare, katan-katan da gwangwanaye a kanta ta farko, kuloli da tukwanen biki a ta sama tunda ba su da nauyi kuma ba kullum ba, ita wannan sai ta taka kujera 'yar tsugunno take kaiwa. Maganin ɓera da fiya-fiya da a da suke ajiye a lungun siton nace a fitar da su gaba ɗaya.

Damina ta wuce a kai, hunturu ma ya wuce, na sake jan zare a bakin kantar katako ta ƙasa babu ciki, sukuru ɗaya ne na dama ya ɗan saki aka ƙara ɗaure shi. Matsalar da ta fito wadda ba ta cikin lissafin kowa ita ce haske, ƙwan yana sama da kanta ta biyu, yanzu inuwarta ta rufe duk abin da ke ƙasa, da daddare sai da fitilar waya take ganin gwangwani. Tace Yaya ko za ka matso mana da ƙwan, nace wannan kam a kira mai gyaran wuta ya dawo da shi saman ƙofa, ni iyakata katako. Kafin ya zo sun rataye 'yar fitila mai caji a jikin ƙafar dama. Sai kuma 'yar tagar sama da ragarta ta yage, ta nan ɓera yake shigowa yanzu ya samu matakala har hawa biyu, an auna ta inci 14 da inci 10, raga ta ƙarfe za a sa ba ta sauro ba.